Jan Ɗigon da Ya Tsone wa Kawu Ido

Sai da na roƙi Kawu kafin in fita cin abinci: "Don Allah kada ka taɓa komai."

Shafin shagonsa na littattafai nake mayarwa kan sabuwar sigar manhaja. Aikin lallaɓa ne. Kowane modul, wato ɓangaren manhajar, kamar na kwandon saye da na hotuna, sai na gwada shi a kwafin gwaji, in gyara inda ya ƙi jituwa da sabuwar, kafin in kusanci shafin gaske.

Ina dawowa na tarar da allon kwamfuta fari fat, wayar shago sai ruri take.

"Kawu, me ka danna?"

"Wani jan ɗigo ne ya tsone mini ido, wai a sabunta duka. Na ce bari in rage miki aiki."

A shafin gaske! Da ƙanena ne, wallahi da ya sha mari. Amma yayan uwata ne, sai na haɗiye, na ja kujera na zauna gaban kwamfutar.

Ya leƙo ta kafaɗata, ya gyara tabarau. "Kin gani ai, jan ya tafi."

"Ya tafi, Kawu," na ce. "Ya tafi da shagon."