Kofi Mai Ƙamshin Kwakwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan tsofaffin abokan suna haɗuwa shan kofi duk Alhamis da hantsi, a gidan ɗayansu, bi da bi. Ba wanda ya taɓa rubuta ƙa'idar, amma kowa ya san ta. Mai gida shi ke kawo baƙin kofi mai ɗaci, da wainar fulawa mai zafi, da man shanu, da cuku mai ruwan ƙasa. Baƙo ba ya zuwa da komai sai bakinsa. Wanda ya shigo riƙe da leda kuwa ya zagi mai gida.

Da su huɗu ne. Bara Arnfinn ya ce gwiwa ta hana shi hawa matakala, ya daina zuwa, ya daina karɓar baƙi, tun daga nan sai dai a hango shi ta taga. Suka rage uku: Torleif, wanda ya shekara talatin yana jan jirgin kamun kifi, har yau ana ce masa Kyaftin; da Jarle, tsohon mai raba wasiƙu, mai bakin tsiya; sai Oddvar, wanda layi ya zo kansa wannan makon.

Oddvar kuwa aljihunsa ya bushe ƙayau. Haya ke cinye rabin fanshonsa, wutar ɗumama ɗaki ta lashe saura, a garin da sanyi ke wata takwas bai gaji ba. Sau ɗaya ya je ofishin tallafi, wata yarinya mai fara'a ta duba na'ura ta ce abin da yake samu ya ɗara iyaka da ɗan kaɗan. Ya yi mata godiya har da cire hula, sai ka ce kyauta ta ba shi. A kanti ya ɗauki man shanu, ya ga farashi, ya mayar da shi a hankali kamar mai kwantar da jariri.

Yunwa ba ta ba shi tsoro ba, ya saba da dankali da kifin gwangwani. Abin da ya tsorata shi Alhamis ce. Tun rasuwar matarsa Borghild, Alhamis kaɗai ce ranar da yake jin muryar kansa. In ya kasa karɓar baƙi, da wane ido zai je ya zauna a teburin wani?

Ranar Litinin ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, ya bi ta bayan gari zuwa zauren coci, inda ake raba jakar abinci. Gunvor ce ke kula da rabon, ita kuwa ta san shi tun yana zubar da majina a aji ɗaya.

"Na zo taimako ne," ya ce, tun ba ta tambaye shi ba. "Na ji kuna fama da ɗaukar kaya."

"Allah ya kawo ka," in ji Gunvor, ko murmushi ba ta yi ba. "Ga kwali biyu can a lungu, ɗora min su kan tebur."

Ya ɗora. Kwalayen ba su fi filo nauyi ba. Da ya juya zai fita ta cusa masa jaka a hannu, ta ce duk wanda ya yi aiki dole ya ɗauka, doka ce, kada ya ja mata faɗa. Oddvar mutum ne mai bin doka.

A gida ya zazzage: fulawa, ƙwai, man shanu, cuku, har da ƙunshin kofi mai hoton wata doguwar bishiya a bakin teku. Ya ɗauka ado ne. Ya juye kofin cikin tsohon gwangwanin Borghild, ya tura takardar can ƙasan kwandon shara, ya danne da ɓawon dankali. Abu ɗaya ya manta: shekara arba'in a masana'antar gyaran kifi ta kashe masa hanci, ko taya aka ƙona a ɗakinsa ba zai ji ba.

Alhamis ta zo. Baƙi suka cire takalma a bakin ƙofa, kowa ya zauna a kujerarsa. Oddvar ya tsiyaya kofi yana hura hanci, waina ta yi kyau, man shanu har da yanga.

Jarle ya kai kofi baki, ya tsaya. Ya shinshina.

"Oddvar, budurwa ka yi ba mu sani ba?"

"Budurwar lafiya?"

"To ai gidan nan ƙamshin man kitso yake. Kwakwa, mutumina. Kofinka kwakwa ce zalla."

Oddvar ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. A garin nan, tsoho ya ba baƙo kofi mai turare, ai gara ya fito masa da ɗan kamfai. "'Yata ce ta aiko daga birni," ya ce. "Wai shi ake yayi."

Kunya ta kama shi har ya ji kamar ya nutse cikin kujera. Kyaftin ya kurɓa, ya yatsine fuska, ya ajiye, ya ce da muryar nan tasa ta ba da umarni, "Gishiri za ka sa. Ɗan tsunkule a tukunya, ƙamshin sai ya kwanta."

"Haba Kyaftin, gishiri ba ya yi," Jarle ya katse shi. "Gwangwanin ake bari a buɗe bakin taga kwana uku. Ni da na..."

Sai ya haɗiye sauran. Suka dubi juna su uku: ashe kowa ya san kofin nan, ya kuma san inda ake samo shi.

"Wace rana?" Kyaftin ya tambaya, idonsa a kan waina.

"Litinin," in ji Oddvar. "Taimako na je."

"Ni Laraba," in ji Kyaftin.

"Ni Juma'a," Jarle ya ce. "Kwali biyu nake sauke mata daga tebur in kai lungu."

"Kai ne ke mayar da su?" in ji Oddvar. "Ni kuma in zo in ɗora."

Dariya ta ƙwace musu har Kyaftin ya sarƙe, sai da aka bubbuga masa baya. Jarle yana share hawaye yana cewa wallahi Gunvor ta raina musu wayo, ta sa dattawa uku suna yawo da kwalin banza. Oddvar ya yi dariyar da rabonsa da irinta tun Borghild na raye. Ya miƙe zai ƙaro kofi, idonsa ya faɗa kan kujera ta huɗu.

"Kyaftin," ya ce, "matakala nawa ce a gidan nan nawa?"

"Ko ɗaya."

"Naka fa?"

Kyaftin ya girgiza kai, nasa ma ko ɗaya. Jarle ya ce a hankali, shekaranjiya ma ya ga Arnfinn yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, gwiwa garau.

Oddvar ya juye kofin a fulas, Jarle ya naɗe waina a tawul, Kyaftin da kansa ya riƙe ledar. Haka suka ratsa titi su uku da rana tsaka, ɗauke da abin da ba a kaiwa gidan mutum.

Arnfinn ya buɗe ƙofa sanye da rigar sanyi biyu da safar hannu. Cikin gidan bai fi waje ɗumi ba. Ya dubi ledar, ya ɗaure fuska zai yi faɗa, sai Oddvar ya buɗe fulas. Arnfinn ya shinshina.

"Wannan kuma wane irin kofi ne?"

Bai san shi ba. Shekara guda cur, ko sau ɗaya bai taka zauren cocin ba. Oddvar ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi don kada a ga idonsa.

"Gunvor na neman mai taimaka mata ɗaukar kaya ranar Litinin," ya ce. "Zan biyo maka."

"Gwiwata fa?"

"Kwalin ba nauyi," in ji Kyaftin. "Kauce mu shiga."