Ranar Ɗaurin Aurena Ina Gida

Tambaya ɗaya ce ta kashe min tafiya, kuma har yau ban manta ta ba. Baturiyar da ke bayan gilashi a ofishin jakadanci a Abuja ta ɗaga hoton ɗaurin aurenmu, ta ce in nuna mata kaina a ciki. Hoton ƙofar masallacin unguwarmu ne a Dilimi cikin Jos, maza sun cika layi da manyan riguna, ga mahaifina Malam Datti a tsakiya, an ɗaga hannu ana Fatiha. Wallahi dariya ma na yi. Na ce mata ai mace ba ta zuwa wurin, ina gida a ɗakin Inna ana gyara min lalle. Ta ce to wa ya amsa a madadina? Na ce Baba, da bakinsa ya bayar da ni. Angon fa? Na ce yana bakin titi cikin abokansa, kawunsa ne ya karɓa masa. Ta rubuta, ta yi min murmushi mai kyau, ta ce in tafi za a neme ni.

Da aka neme ni, hana ni aka yi. Wai a dokarsu, auren da aka ɗaura ba tare da mata da miji sun tsaya a wurin da ƙafafunsu ba, ba ya cikin auren da suke ba wa biza. Ni Fiddausi, da aka kai ni ɗakina da rana tsaka, mata na guɗa har muryarsu ta dashe, ni ce aka ce ba a san ni matar kowa ba ce.

Mijina Uzairu makanikin manyan motoci ne. Wani kamfani ya ɗauke shi aiki a waje, mu dai Turai muke cewa, ya tafi muna 'yan watanni da aure, ina ɗauke da ƙaramin ciki. 'Yarmu Zahra yanzu tana gudu tana surutu, amma ubanta a waya ta san shi. Idan aka ce ina Abba, wayata take nunawa. Bizar da na nema ta matar ma'aikaci ce, ita ce take zuwa da izinin aiki, kuma ni aikin jinya na karanta, ba zama zan je yi ba. Ga kuma wani sharaɗi da ya hana mu barci: sai idan izinin aikin miji yana da sauran wa'adi mai tsawo ake ba wa matarsa nata. Na Uzairu kuwa kullum raguwa yake yi.

Na kira shi ina kuka. Ya ce, "Maman Zahra, na tambayi lauyan da ke taimaka wa ma'aikatanmu. Bizar ziyara ba za ta yi ba, ba aiki, kuma dole ki dawo. Hanya ɗaya ce. In zo gida, mu je ofishin rajistar aure, mu tsaya ni da ke, mu sa hannu. Oga ya yarda ya ba ni hutu sau ɗaya. Idan wannan ya wuce, shi ke nan."

"A sake ɗaura aure ke nan?"

"Sa hannu ne kawai."

Shi da yake can nesa, sa hannu ne kawai. Ni da zan shiga zauren Baba in faɗa, na san ba haka ba ne.

Na same shi bayan la'asar a kan tabarma, Zahra na bisa cinyarsa tana ja masa gemu, yana ce mata, "Amaryata, in kin tsige shi wa zai aure ki?" Baba tela ne, idanunsa sun gaji ya bar keke, amma kunnensa bai gaji ba. Na durƙusa na yi masa bayani tiryan-tiryan. Bai katse ni ba. Da na gama ya sauke yarinyar, ya ce ta je wurin Inna.

"A takardar da za a ba ku, wace rana za a rubuta?"

"Ranar da muka je, Baba."

"Ita kuma wannan da ta fita yanzu, wace rana aka haife ta?"

Na sunkuyar da kai.

"Ki amsa min mana, ke da kika yi boko. Wanne ya riga wani?"

"Baba, kowa ya sani ai. Duk Dilimi an shaida."

"Dilimi za ki kai ta? Can za ki kai ta, inda ba wanda ya ci goron aurenki. Za ta girma, wani zai zo neman aurenta, danginsa za su yi bincike. Me za su gani? Takarda ta ce an haife ta, daga baya uwarta ta yi aure. 'Yar gaba da Fatiha za a kira ta, Fiddausi. Jikata. Kuma da hannunki kika sa."

Na ce masa zan riƙe takardar masallaci, zan nuna wa duk mai tambaya. Ya ce wadda suka riga suka ce ba su san ta ba? Na ce Baba aurena ne zai mutu ina kallo, mutum yana can shi kaɗai shekara da shekaru, yarinya ba ta san ƙanshin ubanta ba. Ya ce ya sani, kuma yana tausaya min, amma auren da ya ɗaura bai kwance ba balle a sake ɗaura shi, kuma ƙafarsa ba za ta taka wurin ba. Ya ɗauki butarsa ya fita, tun ba a kira magariba ba.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin Baturiyar, na ji haushin Uzairu da ya ce sa hannu ne kawai, na ji haushin Baba, abin da ya fi ci min rai kuma shi ne na kasa cewa ƙarya ya faɗa. Idan ina yi wa Zahra wanka sai in tsaya ina kallon bayanta, ruwan ya huce a bokiti. Inna kuwa sai ta riƙa ƙara min tuwo kamar yunwa ce matsalata.

Na hau keke Napep na tafi unguwar Daɗin Kowa wurin Fibi Dantong, ƙawata tun makarantar jinya. Ita a coci aka ɗaura nata, suka kuma je rajista, don haka ta san hanya. Ta saurare ni tana yanka kabeji, ta ajiye wuƙar ta ce, "Ke, ni ban ga laifin Baba ba, ban ga naki ba. Amma ki sani, kafin a ɗaura sai sun manna sunayenku a allo a bakin ofis na wasu makonni, ko akwai mai ƙorafi. Kowa ya wuce zai karanta."

"A bakin titi?"

"A baranda. Amma kin san Jos."

Na san Jos kuwa. Na zauna ina kallon ruwan sama yana dukan tagarta. Fibi ta ce in ban shirya ba in bari. Na ce in bari zuwa yaushe? Wa'adin nan ba ya jiran in shirya. Washegari ta raka ni, na bayar da sunayenmu.

Ba a yi mako ba magana ta iso unguwa. Wani direban keke ne ya kai fasinja ya gani, ya ɗauka a waya, shi ke nan ta zagaya. Masu cewa Uzairu ya sake ni ne a ɓoye za a mayar, masu cewa dama can auren bai ɗauru ba, masu cewa mun bar addini don biza. A wurin ɗiban ruwa wata da ko tsarkin 'ya'yanta ba ta iya ba ta dube ni ta ce, "Amarya, ba a gayyace mu ba?" Na ce mata idan an tashi rabon abinci za a neme ta, tunda shi ne abin da ke kai ta biki. Na ba ta amsa, amma da na shiga gida sai da na jingina da bango.

Baba ya daina cin abinci a tsakar gida. Idan na gaishe shi yana amsawa, sai dai ba ya ɗago kai. Masallacin ma sai an tayar da salla yake shiga, ana sallamewa ya fito.

Uzairu ya iso a rame, da furfura biyu-uku a gemu waɗanda ban san su ba. Zahra ta ɓuya a bayan zanena, ta ƙi zuwa, tana nuna wayata tana cewa ga Abba can. Mutumin nan ya durƙusa a tsakar gida da jakarsa a kafaɗa, ya rufe fuska. A nan na daina tambayar kaina ko zan je. Ya shiga zaure wurin Baba, suka daɗe, ya fito idanunsa jajur. Abin da ya ce min kawai shi ne, "Bai hana ba. Bai kuma yarda ba."

Muka je. Fibi da mijinta Natana'el ne shaidu, don ban iya roƙon kowa a dangi ba. Babu guɗa, babu goro, fanka ce kawai ke ƙara a sama. Ma'aikaciyar ta ce mu tsaya kusa da juna, ta tambaye ni ko na yarda, na ce na yarda, karo na farko da aka taɓa tambayata a gaban mutane, kuma ban ji daɗinsa ko kaɗan ba. Na sa hannu. Na kalli kwanan watan da ta rubuta, na kawar da kai. Natana'el ya ɗauke mu hoto, wannan karon ga ni a ciki, ba mai cewa ba na nan.

Da muka dawo, tun daga bakin layi na hango takalma a ƙofar zaurenmu, da yawa. Na ce shi ke nan, ko Baba ne ya faɗi. Na ruga da gudu zuwa bakin ƙofa. Yana zaune lafiya lau, sanye da babbar rigar da ya ɗaura aurena da ita. Ga liman, ga kawun Uzairu, ga tsohon da ya yi sanarwa a ranar, ga wasu dattawa da suka shaida. Zahra na bisa cinyarsa.

Bai dube ni ba. Ya miƙa wa Uzairu hannu ya ce, "Wayar nan taka tana ɗaukar mutum yana magana?"

"Tana ɗauka, Baba."

"To ɗauke mu. Ka adana shi inda ba zai ɓace ba. Ba naka ba ne, ba na uwarta ba ne. Nata ne, ranar da wani ya tambaye ta."

Baban da ko hoton katin zaɓe sai da aka yi fama da shi. Ya gyara hula, ya kalli wayar kamar yana kallon alƙali, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya faɗi ranar da aka ɗaura auren da masallacin. Ya nuna dattawan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi sunansa ya ce ya shaida. Sannan ya ɗora hannu a kan Zahra.

"Fatimatuzzahra, ke nake wa magana. Lokacin da za ki ga wannan wataƙila ba na nan. Duk takardar da aka nuna miki, ranar nan da na faɗa ta riga ta. An ɗaura auren iyayenki kafin a san da ke, ni na bayar, wannan ya karɓa, waɗannan suka ji. In an ce miki ba a ga uwarki a wurin ba, gaskiya ne. Tana gida. Ni na ce ta zauna, ta kuma zauna."

Muryarsa ta karye a nan, ya ɗaga hannu alamar a kashe. Zahra ta kama gemunsa tana dariya, ba ta san me ake yi ba. Ni ina durƙushe a bakin ƙofa da takardar rajista a cikin mayafina, na kasa shiga, na kasa fita.

Uzairu ya koma, na sake neman bizar, har yanzu ba su amsa ba, wa'adinsa kuma yana ta raguwa. Kullum da safe Baba yana tambayar Inna ko an ji wani abu daga Abuja. Ni dai bai tambaye ni ba tukuna.