Notin Tayar Hagu

Tun ranar da tayar hagu ta ɓalle, ta wuce motar da gudu ta faɗa gonar mutane, tirelar kwale-kwalen ke zaune a bayan gida, kaji na saka ƙwai a ƙarƙashinta. Babban ɗan gidan ya yanke magana: in ba a yi mata gyara na gaske ba, masu sayen tsohon ƙarfe su zo su kwashe ta, Baba kuma ya haƙura da kogi. Tsohon kuwa, wanda abokansa ke kira Ɗaure-tam, don bai taɓa ɗaure noti wani ya kwance shi da sauƙi ba, yau kofin shayi ma rawa yake a hannunsa.

Auta ce ta ce za ta duba. Sana'arta ke nan, a wurin feƙe ƙarfe da inji take aiki. Ta kankare tsatsa, ta canza katakan da jirgin ke kwanciya a kai, sannan ta ɗaga tirelar da jak. Kan sandar da taya ke juyawa a kai, daidai inda boris ke zama, wato zoben ƙarfen da ke sa taya juyawa sumul, ya cinye ya yi kwari, ya yi shuɗi kamar an gasa shi.

"Ƙarfen banza ne," in ji tsohon daga kan kujerarsa. "Tun daga kamfani aka cuce mu."

"To, Baba."

"Wannan 'to' ɗin naki irin na uwarki ne."

"Ai gara da ta gaji wani abu mai amfani," in ji matarsa ta taga.

Da Auta ta kai sandar wurin aikinta, tsohon ya bi ta, wai don ya sa ido. Ta cike kwarin da walda kaɗan-kaɗan, tana juya sandar, tana barin ta ta huce don kada ta lanƙwashe. Ta ɗora ta a inji, ƙarfe na fita siri-siri yana naɗewa. Ta tsaya ta auna, ta ƙara feƙewa, har sabon boris ya shiga da turi ɗaya, ba girgiza. Tsohon ya lura mazan wurin sun bar aikinsu suna kallo. Ya gyara zaman hularsa.

A gida aka samu saɓani. Ta cika boris da giris, ta mayar da taya, ta ɗaure notin tana juya tayar. Sai kuma ta dawo da shi baya kaɗan, ta miƙa hannu za ta ɗauki fil ɗin da ke kulle shi.

"Me kika yi yanzu?"

"Na sassauta shi, Baba."

"A gidan nan?"

Shi dai tsohon, maigidansa na wurin koyon aiki ne ya koya masa cewa noti sai ya yi kuka ake barin sa, kuma da mari ya koya masa. Mutane kuwa sukan ɗauka duk abin da ya shiga kai da mari gaskiya ne.

Auta ba ta yi gardama ba, ta miƙa masa sifana. Ya tashi, ya kama da hannu biyu, ya danna har jijiyar wuyansa ta fito. Ya juya tayar. Ta yi rabin zagaye tana gurnani, ta tsaya cak.

"Boris ma yana son wurin numfashi," in ji Auta a hankali. "In aka shaƙe shi sai ya yi zafi, ya koma cin sandar."

Tsohon ya daɗe yana kallon notin. Sannan da hannunsa ya dawo da shi baya, ya sake juya tayar. Ta yi ta juyawa shiru, har ya gaji da tsayuwa.

"Sa fil ɗinki," ya ce.

Ranar gwaji babban ɗan ne ya ja motar. A tsakiyar hanya ya tsaya, ya fita da fuskar mai neman laifi. Ya jijjiga tayar, ya dafa tsakiyarta ya ji sanyi ƙalau. Ya dawo ya ta da mota, bai juya gida ba.

A bakin kogi wani tsohon abokin kamun kifi na durƙushe gaban tasa tirelar, yana danna sifana da ƙafa.

"Kai, sassauta," in ji tsohon. "Kashe ta za ka yi."

"Kai ne ke faɗin haka? A ina ka samo wannan sabon karatu?"

Tsohon ya nuna Auta da haɓa, tana can tana kwance igiyar jirgin.

"A gidana ake koyar da shi. Riƙe min hannu in shiga."