Hanyar da Ke Kai wa Kasa Abinci

Daren jiya, bayan na gama mitar sauro, na yi mafarkin wani gari inda mutane ke tsaye, hanyoyi ke tafiya. Ka hau hanya ka naɗe hannu, ita za ta kai ka kasuwa. Ni da ba na son wahala, har na fara tunanin tarewa can.

Sai na ga marigayi Baba Jatau, maƙwabcinmu mai kamun macizai, zaune a gefe yana ɗinka riga da saɓar maciji.

"Baba, ina wannan hanyar ta nufa?"

"Duk hanyoyin garin nan wurin kasa suke ƙarewa, ɗana," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Ka san halin macijiyar nan, ba ta yawon farauta. Kwanciya take yi a kawo mata."

Kawai sai ga ni a gindin mangwaro. Busassun ganye na tashi suna komawa kan rassa. Tsibi ɗaya ne ya ƙi tashi. Na ƙura masa ido, sai ya ja numfashi. Kasa ce, gajera, mai kauri kamar taɓarya, zanen bayanta sak ganyen da take kwance a ciki.

"Daina hararata," ta ce a hankali. "Ban taɓa bin kowa ba. Taka ni ake yi."

Can na hango Larai, 'yar autata, hanya ta ɗauko ta ba takalmi, tana ɗaga mini hannu. Na ruga, ashe a garin nan gudu baya yake mai da mutum. Na ƙwala kira, muryata ta fito daga bakin Baba Jatau, ta zama tari.

"Don Allah ki matsa," na roƙi kasar. "Yarinya ce."

"Ni ma cikina cike yake da 'ya'ya, kuma ba ƙwai nake yi ba, haihuwarsu zan yi. Ina zan iya matsawa?"

Ta kumbura, ta fara huci, ta lanƙwasa wuya. Larai ta ɗaga ƙafa. Ganye ya ce ƙaras.

Na farka, gari ya soma wayewa. Ƙaras, ƙaras, a bayan ɗaki. Larai ce ta fita tsintar mangwaron da ya faɗo cikin busassun ganye, kamar kullum. Takalmanta na nan a bakin ƙofa, inda ta cire su jiya.