Notin Baba Jirgi

Ina wanke tasi a ƙofar gida matar maƙwabcina ta leƙo.

"Maƙwabci, zo ka yi masa magana. Wai fita zai yi."

Na same shi a bakin gado yana kokawa da takalmi, ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga. Baba Jirgi muke ce masa, don tun kafin in san shi gyaran injin ƙananan jiragen sama yake yi, irin masu ɗaukar mutum biyu. Makon jiya aka dawo da shi daga aiki a rirriƙe, likita ya ce zuciya ce, ya kwanta.

"Ina zuwa haka, Baba? Ko ƙwallo za ka buga?"

Bai yi dariya ba. Sai da matarsa ta fita ya yi magana.

"Akwai notin da ke tare man inji. In an ɗaure shi, sai a saƙa masa waya, kada girgiza ta kwance shi a sama. Na ɗaure na jirgin makarantar koyon tuƙi. Wayar ce na kasa tunawa. Kuma yau za su tashi da ɗalibi."

"To ka kira su mana."

"Na kira, na ce su jira ni. Sauran da idona zan gani."

Haka na kwashe shi muka tafi. Ni dai bakina ba ya hutawa, duk hanya ina ce masa mutum irinsa ko barci yake ba zai manta waya ba. Da gaske nake. Duk fasinjan da ya shiga motata ya sha labarinsa har ya gaji.

Rumfar jiragen tana ƙamshin fetur, ga sifanun kwance noti jere a bango, kowanne da ƙusarsa. Abokin aikinsa, wani dattijo da suke kira Dogo, ya tarbe mu da kujera. Baba ya ƙi zama. Aka buɗe murfin inji, ya dafa kafaɗata ya sunkuya.

Wayar tana nan, a murɗe tsaf.

"Ka gani ko?" na ce da ƙarfi, har ina tafi. "Na faɗa maka. Hannun nan ba ya kuskure."

Ba wanda ya taya ni. Baba ya bi wayar da yatsa har ƙarshenta.

"Ni ciki nake lanƙwasa bakin, kada ta yanki mutum," in ji shi. "Wannan ba saƙata ba ce."

Dogo ya ɗauki tsumma ya shiga goge hannun da ba komai a kai.

"Tun yaushe kake bin bayana?"

"Haba, ɗan'uwa. Kowa ana duba masa."

"Dubawa daban, gyarawa daban. Tun yaushe?"

"Tun bara," in ji Dogo a hankali. "Ba kullum ake samun wani abu ba. Mun ga ba ka da lafiya, ba mu so ka bar wurin."

Kunya ta kama ni kamar na shiga wa mutum banɗaki. Na yi ta kallon tayar jirgi, ina cewa da ma a mota na tsaya. Shi kuwa ya saki kafaɗata, ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, ya taka da ƙafarsa har waje.

Sai da muka shigo layinmu ya buɗe baki.

"Kullum ina ta yi musu faɗa kan tsabtar aiki, su kuma suna cewa to." Ya share fuska da hannun riga. "Kada ka gaya mata."

Bai sake fita ba. Abinci ma sai an yi da gaske. Da Dogo ya zo dubiya, ya ce a ce yana barci. Ran nan da hantsi matarsa ta kai masa ruwa, ta tarar ya cika a kujera.

Bayan mutane sun watse, na shiga in kwashe kujerun da muka aro. Tana tsakar gida tana ninke kayan aikinsa.

"Maƙwabci, ranar da kuka je, me kuka tarar? Bai faɗa mini ba."

"Wayar tana nan, Mama. A ɗaure."

"Ai na sani," ta ce. "Shi dai da damuwa."

Na kasa kallonta. Ta shimfiɗa rigar aikinsa a cinyarta, tana sa maɓallan ɗaya bayan ɗaya har wuya.