Rigar Da Ta San Hanya

Tun kafin in ɗaga rigar na gane aikina. A gwiwar hannun hagu yake, faci kamar faɗin tafin jariri, zarensa ya karkata hagu. Ni bahaguwa ce, kuma duk garin nan babu wadda saƙarta ke kwanciya haka sai ni.

Rigar sanyi ce ta ulu, ruwan toka. Ta Nizar ce, babban ɗan yayata Mbarka. Ni na cike masa ɓular da ƙusa ta yi mata ana gab da tafiyarsa. Da ita a jikinsa ya shiga kwalekwalen da ke tsallakar da samari zuwa Italiya a ɓoye. Shekara biyu ke nan, ko tarinsa ba a sake ji ba.

"Shadliya, rigar ce ta yi miki magana?" in ji Si Monji, mai shagon gwanjon da nake aiki. "Ki ware masu ɓula ki bar kallon ruwa."

"Si Monji, wannan dilar daga ina ta zo?"

"Daga inda kowace ke zuwa mana. Italiya."

Na dubi dilar. Dilar Turai da ƙarfe ake ɗaure ta, in aka yanka sai warin magani ya bugi hanci. Wannan kuwa da igiyar komar kamun kifi aka ɗaure ta, ƙullin masunta, kuma babu abin da ke tashi daga cikinta sai ƙarni. Kowa ya san akwai masu sammako bakin teku bayan an yi iska, suna tsintar abin da ruwa ya amayo. Ba a dai tambayarsu a jikin wa suka same shi.

Na juya bakin hannun rigar. Yashi ne maƙale a tsakanin zaren. Ulun ya tsuke ya yi tauri, kamar yadda yake yi in ya daɗe a ruwa. Na kai bakina na lasa. Gishiri.

*

Ni dai babu aikin da ban taɓa ba. Na yi masana'antar saƙa har ranar da muka wayi gari masu ita sun kwashe injuna sun bar mana kwaɗo a ƙofa. Na tsinki zaitun, na yi gidan gwangwanin kifi har kyanwowin unguwa suka riƙa raka ni gida, na yi jinyar wata tsohuwa da ta mutu tana kirana da sunan wata. Duk inda na je allurata na cikin jaka, tare da littafin labari, irin na hannu da ake sayarwa a ƙasa ranar kasuwa. Mbarka kan ce wai na auri takarda. Gaskiyarta, kuma takarda ba ta taɓa dukana ba. Abin da nake so da littattafan shi ne ana ƙarewa. In mutum ya ɓace, kafin bangon baya an gan shi, ko a raye ko a mace, a yi kuka a share hawaye.

Gida ɗaya muke zaune da Mbarka da ƙaramin ɗanta Wajdi. Na shigo da rigar a ƙarƙashin mayafi, da niyyar in ɓoye ta har in san abin faɗa. Amma uwa da kayan ɗanta, sai Allah. Tana murza kuskus a tsakar gida ta hango bakin hannun, ta miƙe da garin a hannunta.

"A ina kika samo?"

"A shago. Mbarka, zauna tukuna."

"A dilar Italiya?" Ta ƙanƙame rigar. "Ashe ya isa. Na faɗa muku ya isa, kuka mai da ni mahaukaciya. Ya samu sabuwa ne ya ba da wannan sadaka. Haka yake tun yana yaro, hannunsa a sake."

Kafin la'asar ta raba wa maƙwabta alewa. Matan da 'ya'yansu suka shiga kwalekwale ɗaya da Nizar suka yi ta zuwa, kowace ta shafa rigar ta shafa fuskarta. Wata ta tambaye ni ko na ga wata shuɗiya mai zif a cikin dilar. Na ce ban lura ba.

Mbarka ta shanya rigar a igiya. Rana ta yi mata duka yini guda, ta bushe ƙayau. Washegari da safe muka tarar da ita a jiƙe, tana ɗiga ta hannuwa, alhali zannuwan da ke gefenta ko raɓa ba su sha ba. Na san gishiri ne ke jawo laima. Na sani sarai. Duk da haka in zan wuce sai in kauce mata, don yadda take rataye da kafaɗu a cike, kamar da mutum a ciki. Tsoro nake ji, ban ɓoye wa kaina ba.

*

Wajdi ya gama makaranta da takardar da ba ta taɓa saya masa ko shayi ba. Yini yake a gidan gahawa da sauran samari irinsa, suna kallon teku. Tun ɓatan Nizar, Mbarka ta rantse in ya taka kwalekwale ba ta yafe nononta ba, kuma rantsuwar nan ce kaɗai ta riƙe shi. Yanzu ga shi ita da kanta ta zare awarwaronta na aure ta miƙa masa, ya sayar ya biya kuɗin kwalekwale.

Ta same ni a ɗaki ina karatu, ta ajiye mini rigar a kan littafin.

"Ɗaya gwiwar ta ɓule. Ki gyara wa Wajdi. Ita zai sa, ta san hanya."

"Mbarka, rigar nan ba ta je Italiya ba."

"Kin fara ko? Littattafan nan sun cinye miki kai."

"Ga yashi nan. Ga igiyar da aka ɗaure dilar, ki je ki gani. Ki lasa ki ji."

Ta matso kusa da ni. Sannan ta ɗaga rigar ta lasa wuyan.

"Gumi ne," in ji ta. "Ɗana aiki yake yi. Ke da ba ki haifa ba, ina za ki san ɗanɗanon gumin ɗa?"

Maganar ta soke ni, amma ba ita ta hana ni ci gaba ba. Yadda na ga ta ƙanƙame rigar ne, ta ƙi haɗa ido da ni.

Na bi Wajdi har bayan gida, inda yake wanke takalmansa. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Bai ko ɗago ba.

"Halti," ya ce, don haka suke kirana, ƙanwar uwa, "ni fa a bakin tekun nan na girma. Tun ranar da kika shigo da ita na ji warin."

"To don me za ka je?"

"In zauna in yi me? Ke aiki nawa kika canja? Wanne ne ya riƙe ki?" Ya yi 'yar dariya. "Ko Si Monji zai ɗauke ni in riƙa yi masa sammako bakin teku?"

"Allah ya kiyaye."

"Amin. Ki dai gyara mini. Amma kada ki sa ruwan toka. Ki sa jan zare, wanda za ki gane tun daga nesa."

Na ce ba zan yi ba. Ya ce to zai sa ta da ɓularta, sanyin teku kuma ba ya tambayar wanda ya yi fushi. Da yamma na ɗauko allura. Ulun ya yi taurin da sai da na riƙa turawa da ƙarfi, yatsuna suna raɗaɗi saboda gishiri. Mbarka na gefe tana yi masa guzurin dabino da burodi, tana lissafa saƙon da zai kai wa yayansa.

*

Iska ta yi kwana da kwanaki tana kaɗawa bayan tafiyar su Wajdi. Wayar Wajdi ba ta shiga. Mbarka ta ce ai sai ya sayi layin can.

Ban bar shagon Si Monji ba, ni da ban taɓa cika shekara biyu a wuri ɗaya ba. Littafin da nake karantawa yana nan cikin jaka, saura shafuka kaɗan, na kasa buɗe shi. Matan unguwa kan leƙo su gaishe ni, idonsu a kan tulin kaya.

Jiya aka sauke sabuwar dila. Si Monji ya miƙo mini wuƙa ya koma ƙofa wajen ciniki. Na yanke igiyar komar, ƙarnin ya taso. Na zauna a ƙasa na jawo rigar farko, na juya hannun dama ina duba jan zare.