Kwana Tara Babu Wuta

Kafin in iso Sokodé, labarin mutuwar Salifou ya riga ni, kuma ya sauya kama a hanya. A Zango cewa ake yi harsashi ne ya same shi a zanga-zangar Dapaong. Na sauka daga mota mutane na ta yi mini barka da tsira. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Shekara goma sha bakwai muna gyaran injuna tare. Shi ke shiga ciki don siriri ne, ni kuma wuta ce aikina. Kowa ya san ƙa'idata: in sauke babban makunni, in zare fiyus in jefa a aljihu, in datse akwatin da kwaɗona, sannan in danna maɓalli in tabbatar injin bai motsa ba. Salifou kan ce ko mai tsaron kurkuku bai kai ni son kulle ba.

A shekarar yajin aikin nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wani mai injin gurzar auduga a Dapaong ya kira mu mu gyara masa tunda aiki ya tsaya. Kwaɗon na bar shi a ƙyauren gidana, don in gari ya rikice ana fasa gidaje. Da muka isa, kwana tara ke nan babu wuta a unguwar. Ɗakin makunnin a kulle yake, mai gadi ya gudu garinsu Korbongou da mabuɗin. Ko dai a ɓalle ƙofa, ko a aika a nemo shi, ga shingaye a hanya. Na ɗaga kai na dubi ƙwan lantarki, na ce me za a kashe a abin da ya riga ya mutu. Ni na faɗi haka, da bakina. Salifou ya tuɓe riga ya shiga.

Ashe lokacin da aka ɗauke wutar injin yana tsakiyar aiki, ba wanda ya tuna ya kashe shi. Bayan azahar wuta ta dawo.

Mutanen Zangon can suka yi masa sutura, aka binne shi kafin magariba. Na bi salla, na zuba ƙasa. Ban yi kuka ba. Ba abin da na ji sai yunwa, aka kawo tuwo na ci.

A gida samari har sun fara kiransa shahidi, wai za su rubuta sunansa a ƙyalle. Illiyasu mahauci, maƙwabcina, shi kaɗai na faɗa wa gaskiya. Ya ce baki shi ke yanka wuya, in yi shiru. Harsashi ba shi da gida a Zango, ni kuwa ina da gida da 'ya'ya. Na ga maganarsa a kan hanya take. Kwana biyu ina karɓar gaisuwa tare da dangin Salifou.

Ranar sadakar uku Bilkisu, matar Salifou, ta aiko a kira ni. Tana takaba, don haka na zauna a bakin ƙofa, labule a tsakaninmu. Ta tambaya a ina harsashin ya same shi, kuma ko ya daɗe yana shan wuya. Na shirya amsa tun a zaure, amma ba ita ta fito ba.

"Ba harsashi ba ne, Bilkisu. Inji ne. Wuta ta dawo, ni kuma ban yanke ta ba."

Ina jin mata na wanke kwanuka a tsakar gida.

"Kai kana ina, Yaya Garuba?"

"Ina gefensa. Ina haska masa tocila."

Ta ce to. Sannan ta ce in je in faɗa wa mazan da ke ƙofar gida, don ita ba za ta iya maimaitawa ba.

Na tashi na fita. Sun kai mutum hamsin a kan tabarmi. Da suka gan ni suka matsa, suna ba ni wuri a tsakiya.